Turken da Na Cire a Bakin Kwata

Ummi, Nasiru, Auwalu, da ke Sadiya idan kin yi wayon karatu. Saboda wannan babin na sayi littafin rubutun nan gaba ɗayansa. Abin da na rubuta a baya, na makarantar da na bari a aji biyu na sakandare da shekarun da na yi ina bin motar tumatir zuwa kudu, duk share fage ne. Na san abin da ake ce muku a hanya. Ana ce muku 'ya'yan wanda ya sayar da ruwa. Nasiru, na san ba a matakala ka faɗi ba ranar da ka dawo da fasasshen leɓe. To ku ji daga hannuna. Ban sayar da ruwa ba. Amma akwai abin da na yi, ya fi wanda ake faɗa muni, kuma ban da uwarku babu wanda na taɓa gaya wa.

Sai kun fara sanin yadda gonar take, don ku biyun ƙarshe ba ku san ta ba sai da siminti a kanta. Babban kanal yana wucewa ta arewa da ƙauyenmu. A jikinsa akwai 'yar ƙofar ƙarfe, daga nan ruwa yake shiga ƙaramar hanya wadda mu muke ce wa kwata. Faɗinta bai fi mutum ya tsallake ba. Gonar Babanmu ita ce ta farko a bakinta, kwatar ta ratsa ta tsakiya, ta gangara ta shayar da gonakin gida tara kafin ta ƙare a fadama. Da Baba ya rasu aka raba gado, ni na ɗauki ta sama, ƙanena Sabi'u, Baffanku, ya ɗauki ta ƙasa. An auna komai da igiya, har bishiyar mangwaro sai da aka faɗi rabon da ta faɗo. Kwata kuwa ba wanda ya ambace ta. Ba mantuwa aka yi ba. Na ga an sayar da gona a garin nan, na ga jingina, na ga aro, na tsaya shaida ban san sau nawa ba, ban taɓa jin mai saye ko mai sayarwa ya buɗe baki ya ce kwata fa. Ruwa yana bi ta gonarka ya je ta na ƙasa da kai, haka ka tarar, haka za ka bari. Kowace shekara idan an kawar da amfanin damina, mai gonar farko shi ke kiran yasa. Kowane gida ya turo mutum da shebur, a kwashe laka da ciyawa tun daga ƙofar ƙarfe har fadama. Baba ya yi kiran har ƙarfinsa ya ƙare, ya bar min kiran, ya bar min shebur ɗinsa mai ƙotar makarho.

Akwai wata al'ada kuma, ku riƙe ta, za ta dawo. A wajenmu idan wani ya kafa turke a iyakarka ba daidai ba, ba ka taɓa shi da fushi. Wajen mai unguwa za ku je, a zauna, a yi ta magana ko da za ta kai wata. Sai an daidaita, sannan babba a cikin masu gonar ya je da rana tsaka ya cire turken da hannunsa. Duk wanda ya hango an cire, ya san magana ta ƙare, ba sai ya tambaya ba.

Da aka zo shimfiɗa sabon layin dogo, ta gefenmu ya bi, aka gina tasha inda daga gonata idan ka yi kira mai gadi zai amsa. Ba a daɗe ba wani kamfani ya zo. Ba zan rubuta sunansa ba, kuna ganinsa kullum a jikin ƙofar gidan nan. Suka ce ƙasar da ke bakin tasha ta fi ƙarfin tumatir. Suka ce Kano ta cika, ma'aikata suna neman inda za su kwana su hau jirgi da safe su dawo da yamma, don haka benaye za a yi, shaguna a ƙasa, ofisoshi da ɗakuna a sama, mutane da yawa a fili kaɗan. Suka nuna mana hoto. A hoton akwai bishiyoyi a jere, da mutane suna tafiya, ba wanda ƙafarsa ke da faso. Gonata suka fara nema don ita ke kallon tashar. Suka ce in ba su ita, su ba ni shago ɗaya a ƙasa da ɗaki uku a hawa na uku, nawa na har abada.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa tilasta ni aka yi ba. Na gaji ne. Shekara biyu a jere tsutsa ta cinye min tumatir, ta uku ya yi kyau ya kuma yi kwantai har muka riƙa zubar da shi a bakin titi shanu na bi ta kai. Bayana ya fara ciwo. Kuma ina da wani abu a rai tun ina yaro, cewa ni da na taɓa zama a aji ban dace in mutu da laka a gwiwa ba. Wannan tunanin shi ya kashe ni, ba kamfani ba.

Ranar da na kai maganar gida, bayan la'asar ne, a rumfar Inna, kakarku. Uwarku Hajara tana gefe tana tsince shinkafa, Sabi'u ya shigo da ƙafarsa jiƙe daga ban ruwa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewar ni ne ɗan fari. Babba take ce min.

"Babba, ban gane ba," in ji ta. "Mutum ya kwanta, wani yana kwance a saman kansa, wani kuma a ƙarƙashinsa? Kamar kwandunan tumatir a mota?"

"Haka ake yi a birni, Inna."

"To akuyar Hajara hawa na nawa za a ba ta?"

Uwarku ta yi dariya ta ce, "Inna, akuya ai sai a sayar. Ni dai in huta da hayaƙin kara."

"Ki huta, 'yar nan. Ni kam inda ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, ba na kwana."

Sabi'u bai yi dariya ba. Yana goge ƙafarsa da tsumma ya ce, "Yaya, gonarka ce, ba ni da ta cewa. Abu ɗaya zan tambaya. Ruwa fa?"

"Ruwa me?" na ce. "Ka taɓa ganin an sayar da kwata?"

"Ban taɓa ba."

"To."

"Duk da haka, da ka kai takardar Kura wani lauya ya duba ta. Turancinsu ba irin na makaranta ba ne."

"Ni da na yi sakandare, Sabi'u? Kai da ka tsaya a firamare za ka nuna min takarda?"

Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Ya tashi ya tafi masallaci.

Na karanta takardar, wallahi na karanta, layi bayan layi da yatsa. Rabinta na gane. A bayanta akwai taswira, an zana gonata da jan layi, kusurwa huɗu, cikinta fari tas. Na lura babu kwata a zanen. Na ma ji daɗi. Na ce a raina, ka ga mutanen nan sun san ya kamata, ba su sa ta ba don ba ta cikin ciniki. Sai daga baya na gane cewa a wajensu abin da ba a zana ba, babu shi ne. Na sa hannu, har da ja masa jela irin ta manyan ma'aikata.

An yi yasa a shekarar kamar kullum, ni na kira. Kowa ya zuba irin tumatir a wajen reno, ya fara fitowa kore shar. Wata safiya na bi ta gonar, ko in ce tsohuwar gonata, sai na ga masu awo sun kakkafa turaku masu jan fenti. Ɗaya yana daidai leɓen kwata, an ɗaura igiya daga shi ta tsallaka ruwan zuwa wani a ɗaya gefen. Na tsaya ina kallon igiyar, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinta. Na juya na nufi ofishin da suka ajiye a bakin tasha, wani ɗakin ƙarfe mai na'urar sanyi. Mai kula da aikin, Injiniya muke ce masa, yaro ne da na girme shi da aƙalla shekara goma sha biyar, kuma ba shi da rashin kunya.

"Ranka ya daɗe, yaranka sun yi kuskure, sun sa turke a kan ruwa."

"Wane ruwa, Malam Haladu?"

"Kwata."

Ya jawo taswira ya duba, ya ɗago. "Wannan lambatun? Ai nan ginshiƙi zai zauna. Hawa huɗu za a ɗora masa."

"Ba lambatu ba ne. Gida tara ke sha daga nan, da ƙanena."

"Amma a cikin filinka take, ko?"

"A cikinsa take, amma ba tawa ba ce."

"To ta wa ce?"

Na ce ta kowa ce. Ya ce kowa ba ya sa hannu a takarda, ni na sa. Ya ce shi aiki aka ba shi, idan sun gama haƙa, nan da wata ɗaya ko biyu, za su zuba kankare. Ya ce in rubuta koke zuwa babban ofishinsu a Kano, wataƙila a karkatar da ruwan. Ya miƙo min ruwan roba mai sanyi. Ban karɓa ba.

Na fito rana ta take. Na koma bakin kwata, na kama turken nan na jijjiga shi na tumɓuke, na yi jifa da shi cikin ruwa. Fushi ne kawai, ban duba gabas ba ban duba yamma ba. Washegari suka kewaye filin da langa-langa, ba mai ganin abin da ake yi a ciki. Ruwa ya ci gaba da fitowa ta ƙarƙashin shingen kamar ba komai.

Daga ranar zuwa ranar da Sabi'u ya yi dashe, kwana goma sha tara ne. Na ƙirga su daga baya, ina kuma ƙirga su har yanzu. A cikinsu na je Kano sau uku da koken da na rubuta da hannuna, na zauna a benci, aka ce manaja ya fita, aka ce ya shiga taro, aka ce in bar takardar. A cikinsu na haɗu da Sabi'u a masallaci sau biyar a rana. Kalma huɗu ce: kada ka dasa bana. Da na faɗa, da ya kai irinsa wata gonar ya nemi aro, da sauran ma sun yi haka, da an taru an je an yi hayaniya tun kafin a zuba siminti, mutum goma sun fi mutum ɗaya a benci. Ban faɗa ba. Don in na faɗa, sai na tsaya gaban wanda ya tsaya a firamare na ce masa ban gane takardar ba. Uwarku kaɗai na gaya wa, kuma ku tambaye ta, ba ta da laifi.

"Malam, ka je ka faɗa wa Sabi'u yau."

"Bari in ji daga Kano tukuna."

"Kano ba ƙanenka ba ce. Ka faɗa masa."

"Gobe."

Sau uku muna yin haka. A na huɗu Sabi'u ne ya yi sallama da sassafe, fuskarsa a sake.

"Yaya, tunda bana kai ka zama ɗan birni, ba ni irin da ka rena mana, in haɗa da nawa. Na karɓi gonar gwauruwar nan ta ƙasa da ni, zan dasa duka."

Hajara tana bakin murhu, ta daina fifita wuta. Ina jin idonta a ƙeyata. Na ce, "Je ka ɗiba." Ranar dashen ma na je. Na sunkuya a cikin fangali tare da su, na dasa da hannun nan da nake rubutu da shi, ana raha ana tsokanata wai in yi bankwana da laka. Na ci ɗan waken da matarsa ta kawo.

Tumatir yana cikin fure aka zuba kankaren. Ranar Alhamis ce, ranar ruwansu. Suka jira har hantsi ba ruwa, suka bi kwata a ƙafa zuwa sama har suka ci karo da langa-langa. Wani ya ɗaga gefe guda suka leƙa. Ba a yi faɗa ba, ku daina jin masu cewa an yi. Mutum tara ne da Baffanku suka zo ƙofar gida suka tsaya, na fito, na ce ban san za a yi haka ba, na ce yaudarata aka yi. Sun gwada komai. An yi ta jido da jarka a baro. An haɗa tiyo daga babban kanal, bai kai ba, layin dogo ya raba. An haƙa rijiya a gonar Sabi'u aka tarar da dutse. Cikin kwana goma fure ya zube, ganye ya naɗe, gonakin suka koma kamar an bi su da wuta. Kafin damina kamfanin ya koma wajensu ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuma busasshiyar ƙasa yake taya, ba gonar rani ba. Ba wanda aka yi wa tayin shago. Ban ce da gangan suka fara da gonata ba, ban ce ba da gangan ba ne. Na dai ga zanen da ke manne a bangon ofishin Injiniya tun ranar farko, kuma benaye shida ne a jikinsa.

Ranar da Sabi'u ya kwashe iyalinsa zuwa wani ƙauye a ƙasar Bunkure, inda ya samu hayar gona a can ƙarshen ruwa, Inna ta ɗaure kayanta a zani ta ce da shi za ta. Na durƙusa na ce ta bari a gama ginin, ɗaki guda nata ne, ni zan riƙa goya ta a matakala. Ta dube ni ta ce, "Haladu, tashi ka ba ni hanya." Shekara arba'in da bakwai, ranar na fara jin sunana a bakinta.

Sauran kun gani da idonku. An gama benen, mun hau. Huɗu sun tashi a cikin shidan. Mutanen da suka cika su ba mugaye ba ne, malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da masu gyaran waya, suna gaishe ni, suna gudu idan jirgi ya yi kuka. Ba su san a kan me suke kwana ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ni ina shago ina sayar musu da burodi da lemo da tumatirin gwangwani. Kun san bangon shagon na gabas da kullum yake jiƙe, fenti ba ya zama. Sau biyu ana gyarawa. Masu gyaran sun ce bututu ne. Ba bututu ba ne. Ni na san abin da ke ƙarƙashin wajen, taku na nawa daga ƙofar ƙarfe.

Inna ba ta taka matakalar nan ba har ta rasu. A can wajen Sabi'u aka yi jana'izarta. Muna dawowa daga maƙabarta da hantsi, mutane suka yi gaba, ya rage ni da shi a kan wata siririyar hanya tsakanin gonakin albasa. Shekara biyu ke nan ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ya rame, gemunsa ya riga nawa fari. Shi ya fara magana, bai dube ni ba.

"Yaya, akwai abin da nake so in tambaye ka tuntuni."

"Ina jin ka."

"Ni na ga turken nan kafin kai. Da asuba na gan shi, hankalina ya tashi, na ce ba zan dasa ba sai na ji. Ina kan hanyar zuwa wajenka na hango ka ka fito daga ofishinsu. Ina tsaye a gindin mangwaro ka zo ka cire shi da rana tsaka. Sai na ce alhamdu lillahi, Yaya ya gama magana. Na bi sauran gida gida na ce kowa ya dasa, an cire turke."

Ƙasar kabarin Inna tana cikin farcena.

"Ranar, ce maka suka yi sun fasa?"

Nan ne, 'ya'yana. Allah ya sake ba ni kalma huɗu ko biyar, ya ba ni hanya babu kowa, ya ba ni ranar da ba a ƙarya. Na ce, "E. Cewa suka yi sun fasa."

Ya tsaya ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Tare muka tashi a tabarma ɗaya, ya san yadda nake haɗiye yawu. Sai ya ce, "To." Muka ci gaba da tafiya. Da muka kusa gari ya ce, "Shebur ɗin Baba yana wajenka?"

"Yana nan, a bayan ƙofa."

"Ka aiko min da shi. Muna da yasa ranar Asabar, nawa ya karye."

"Zan kawo da kaina, in kama muku."

"A'a, Yaya. Ka aiko dai."

Ban aika ba. Kun sha tambayata me shebur yake yi a hawa na uku, uwarku ta sha cewa yana tara mata yana. Na riƙe shi ne don na ce wata rana zai gaji ya zo karɓa da kansa, ya hau matakalar nan, ya zauna, in gyara amsar da na ba shi. Damina biyu ta wuce. Na ji ya sayi sabo a kasuwar Kura.

Nasiru, kada ka sake dukan ɗan kowa a kaina. Idan an ce ubanku ya sayar da ruwa, ku wuce, sun yi min sauƙi. Likita ya ce jinina ya hau kuma ba ya sauka, shi ya sa nake sauri. Idan na riga Baffanku, ku huɗun ku tafi tare, kada ku aika. Ku ɗauki shebur ɗin, ku ɗauki littafin nan. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu. Ummi, ke za ki karanta masa, daga inda na fito daga ofishin Injiniya, kuma kada ki tsallake ko layi ɗaya.